Alhassan Ɗantata: Marayan Da Ya Tashi Da Sunan Mai Riƙonsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda shi ma ya tashi a maraya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, yau ba tarihin malami na kawo muku ba kamar yadda muka saba. Tarihin ɗan kasuwa ne, wanda babu Bakanon da bai san sunansa ba. Amma kafin in shiga, bari in gaya muku abin da ya kai ni ga tarihin, ko da kuwa tonon asirin kaina ne.

Shekara biyu da suka wuce wani maƙwabcinmu a nan Sabon Birni ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ya bar yaro ɗan shekara bakwai. Uwar yaron ta gama takaba, daga baya Allah ya kawo mata miji can wajen Kabo, gidan kuma ɗaki ɗaya ne, babu wurin agola. Sai yaron ya zauna hannun kakarsa, tsohuwar da idonta ya yi rauni, ita kanta neman mai kula da ita take yi. Maiɗakina ce ta fara yi mini maganar mu karɓo shi. Na ce mata to, a bari mu yi shawara.

Shawarar nan, jama'a, ta ci wata takwas. A cikin wata takwas ɗin nan ina zama a majalisi ina karanta wa mutane falalar riƙon maraya, ana gyaɗa kai, in tashi in zo in wuce yaron nan a ƙofar gidansu da riga ɗaya wadda ba a raba ta da jikinsa. Dalilai nake jerawa kaina. Hatsin rumbu da ƙyar yake kai mu kaka. Ina da 'ya'ya mata, shi kuma ba muharraminsu ba ne. Gobe dangin ubansa za su ce gonar da ya gada nake hari. Sannan ga maganar da aka saba yi, wai tsintacciyar mage ba ta mage.

Ana cikin haka na je gaishe da baffana. Tsoho ne sosai, a ƙuruciyarsa yana cikin masu ɗora gyaɗa a jaki su kai ma'auni. Ashe maiɗakina ta riga ta kai masa ƙarata. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai in gaya masa sunan mahaifin Alhassan Ɗantata, tunda ni malami ne. Na yi shiru. Ya ce to wace ce Tata? Nan ma na yi shiru. Ya ce in je in bincika, in na samo amsa in dawo mu yi maganar yaron. Ga abin da na samo.

An haifi Alhassan a garin Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekarar 1877. Mahaifinsa sunansa Abdullahi, madugu ne daga cikin Agalawa, fataken nan da suka shahara da safarar goro daga Gwanja, wato arewacin ƙasar Gana ta yau. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi, daga baya Abdullahi ya koma Bebeji saboda tana kan hanyar ayari. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Kun ga ke nan Alhassan ba a gidan talauci aka haife shi ba.

Wajen 1885 Allah ya yi wa Abdullahi rasuwa. Alhassan a lokacin bai wuce shekara takwas ba. A shari'a wannan shi ne maraya: wanda ya rasa uba kafin ya balaga. Mahaifiyar ta tafi Ankara, wato Accra babban birnin Gana a yau, ta ci gaba da kasuwancinta a can. 'Ya'yan suka zauna a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, sunanta Tata.

Ku tsaya nan ku yi lissafi da ni. Tsohuwa ce. Baiwa ce, a zamanin da bawa ba shi da iko da kansa balle da dukiya. Maigidan da take ƙarƙashinsa ya rasu, uwar 'ya'yan tana wata ƙasa mai tafiyar watanni a ƙafa. Ba yaro ɗaya ba ne, yara ne. Duk dalilin da na jera wa kaina a Sabon Birni, Tata tana da wanda ya fi shi nauyi. Amma a hannunta suka tashi, har mutanen gari suka daina kiran yaron da komai sai ɗan Tata.

Kada ku ɗauka rayuwa ce ta jin daɗi. Masu tarihi sun ce rabon gadon da ya kamata ya samu daga dukiyar mahaifinsa bai amfane shi ba. Aka sa shi makarantar allo a nan Bebeji, ya yi zaman almajirci, yana neman abin da zai ci da abin da zai sa. Sun kuma ce Tata ce ta ɗora shi a kan tanadi, ya riƙa jefa 'yan kuɗin da ya samu a asusu. Ba ta da rumbu da za ta ba shi, ba ta da raƙumi. Abin da take da shi ta ba shi: inuwa, kulawa, karatu, da ɗabi'ar riƙe kaɗan har ya zama da yawa.

Da ya kai wajen shekara goma sha biyar sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sauran a Ankara. A nan akwai darasi ga duk mai riƙo. Yaron ya san uwarsa, ya san inda take, ya san sunan ubansa da sana'ar ubansa. Riƙon bai yanke shi daga asalinsa ba. Da ya isa, mahaifiyar ba ta zaunar da shi ya ci daɗi ba, wurin malami ta miƙa shi ya ci gaba da karatu. Bayan wani lokaci ya koma Bebeji.

Sai ga Basasar Kano ta ɓarke a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, yaƙin da ya ƙare da hawan Sarki Alu. An ruwaito cewa a cikin wannan rikici an kama Alhassan da 'yan uwansa biyu, Bala da Sidi, aka bautar da su, sai daga baya suka fanshi kansu. Ku duba ikon Allah: wanda baiwa ta raina, shi ma sai da ya ɗanɗani bauta. Kafin ya cika shekara ashirin ya ga maraici, ya ga almajirci, ya ga ƙangi.

Ya koma fatauci. Turawa suka ci Kano a 1903, kuma ta Bebeji rundunarsu ta biyo. Hanyoyin ciniki suka canja, shi kuma ya canja tare da su. Maimakon dogaro ga ayarin jakuna kaɗai, ya shiga amfani da jirgin ruwa tsakanin gaɓar tekun Gana da Legas, yana kawo goro, yana cinikin tufafi da duwatsun ado. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe wa 'yan kasuwa hanya a 1912, gyaɗa ta zama kuɗi. Ya dawo birnin Kano ya gina gida a Sarari. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa, shi kuma ya baza wakilai a ƙauyuka da garuruwa, yana ba su jari suna saye daga hannun manoma. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, buhu kan buhu har sama, da sunansa ake fara ambatonta.

A 1929 bankin Turawa na Afirka ta Yamma, wanda shi ne ya zama First Bank a yau, ya buɗe reshe a Kano. Labari ya shahara cewa Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Ni da na zo nan sai na tuna asusun Tata. Ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, kuma ya biya wa mutane da dama kujerar hajji. Lokacin da ajali ya matso a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su wargaza abin da ya bari, su riƙe zumunci, su kula da dangi da mabuƙata. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

'Ya'yansa irin su Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, da Alhaji Aminu, wanda ya rasu a Yunin 2025 aka binne shi a Madina, duk da wannan suna duniya ta san su. Kuma abin bai tsaya nan ba. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, sai kakansa na wajen uwa, Alhaji Sanusi Ɗantata, ya riƙe shi. Marayan da aka riƙa, ɗansa ya riƙi wani maraya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Yanzu ku lura da abin da baffana yake so in gani. Sunan nan yana jikin kamfanoni, yana jikin gine-gine, yana bakin 'yan jarida a gida da waje. Kuma ba sunan madugu Abdullahi ba ne, ba na Baba Talatin ba ne. Sunan tsohuwar baiwa ne wadda littattafan tarihi suke ambata a layi biyu ko uku su wuce. Shekara sama da ɗari da talatin ana kiran sunanta kullum, yawancin masu kiran ba su ma san mace suke ambata ba.

Na san wani ɗalibi zai ce, Malam, ai Suratul Ahzabi ta hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Gaskiya ne, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa har su guji alherin gaba ɗaya. Abin da Musulunci ya soke shi ne tabanni irin na jahiliyya: ka ɗauki ɗan wani ka goge sunan ubansa, ka ce daga tsatsonka ya fito, ya gaje ka kamar ɗan cikinka. Zaidu ɗan Harisa, Allah ya yarda da shi, an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu, sai aya ta 4 da ta 5 ta wannan sura suka sauka aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Amma ƙaunar Manzon Allah gare shi ba ta ragu ba, ya ci gaba da zama na kusa da shi har ya yi shahada yana jagoran runduna a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira. Shi kaɗai ne sahabin da Alƙur'ani ya ambata da sunansa. Suna aka gyara, ba riƙo aka hana ba.

Laƙabin da mutum ya shahara da shi kuma daban yake da da'awar nasaba. Sahabi Miƙdadu, mahaifinsa Amru ne, amma har yau littattafai suna kiransa ɗan Aswadu saboda wanda ya riƙe shi, don kowa ya san gaskiyar asalinsa. Haka Alhassan: ɗan Abdullahi ne a nasaba, ɗan Tata a riƙo, kuma babu wanda ya ɓoye masa ko ɗaya.

Abin da addini ya kwaɗaitar da shi shi ne kafala, wato riƙo. A hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da Bukhari ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna da yatsunsa biyu, manuniya da na tsakiya. Shi kansa kakansa Abdulmuɗɗalibi ne ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalibi, wanda mai iyali ne kuma ba mai yalwa ba.

To, da na zauna na ɗauki tsorona ɗaya bayan ɗaya na auna su da fiƙihun da nake karantarwa, sai na ga kowanne yana da amsa tun tuni, ni ne na ƙi dubawa.

Maganar gado: ɗan riƙo ba ya gadonka, don haka magadanka ba su da abin tsoro. In kana son ka bar masa wani abu, kana da damar wasiyya har zuwa sulusin dukiyarka, ko ka yi masa kyauta kana raye ka damƙa masa. Dukiyarsa kuma amana ce. Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani ga mai cin dukiyar maraya, Suratul Baƙara aya ta 220 kuma ta sauƙaƙa cewa za ka iya haɗa cinka da nasa matuƙar gyara kake nufi. Maganin zargi shi ne rubutu da shaidu.

Maganar muharramci: in jariri ne da bai wuce shekara biyu ba, shayarwa tana tabbatar da shi, matarka ta shayar da shi ya zama ɗanku na shayarwa kuma ɗan uwan 'ya'yanku. In ya wuce wannan shekarun, to idan ya balaga a kiyaye sutura da keɓewa. Wannan ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Tun kaka da kakanni yaro in ya tasa ɗakin samari yake komawa a bakin zaure.

Maganar abinci: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ba ina cewa ka rufe ido ka ɗauki abin da ba za ka iya ba. Ina cewa ka yi lissafin gaskiya, ba lissafin mai neman hanyar gudu ba. Nawa lissafin na biyun ne.

Maganar mage kuwa, ita ce ta fi tona mini asiri. Wanda yake tsoron kada yaro ya girma ya juya masa baya, ai sakayya yake jira daga yaron. A nan dole in ja kunnenku, kada wani ya karanta wannan tarihi ya ce bari in riƙi maraya ko Allah zai sa ya zama Ɗantata. A'a. Tata ba attajiri ta riƙa ba, almajiri ta riƙa mai riga ɗaya. Yawancin marayun da za mu riƙa manoma za su zama, ko teloli, ko malaman firamare, wasu ma za su ba mu ciwon kai. Ladan ba ya jiran abin da yaron zai zama. Yatsu biyun nan ba a ɗaura su da sharaɗin dukiya ba.

Na koma wurin baffa na ba shi amsarsa. Ya yi murmushi, ya tambaye ni me kuma nake jira. Na yi istihara, washegari muka je wurin kakar yaron da ƙanin mahaifinsa, a gaban mai unguwa da liman. Aka rubuta iyakar gonar da ya gada, aka bar ta a hannun ƙanin uban, ni ban taɓa ta ba. Aka aika wa mahaifiyarsa ta amince. A rajistar makaranta sunan ubansa aka rubuta. Duk ƙarshen wata ana kai shi Kabo ya kwana biyu wurin uwarsa, kakarsa kuwa kullum sai ya kai mata tuwo da kansa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, watannin farko ba su yi sauƙi ba. Yana ɓoye ragowar abinci a ƙarƙashin tabarma, don bai yarda gobe za a sake ba shi ba. Yarana sun yi kishi, har ƙaramin ya daina yi mini magana kwana biyu. Akwai daren da na kwanta ina tambayar kaina ko na yi gaggawa. Maiɗakina ta fi ni haƙuri, Allah ya saka mata. Ranar da ta share ɗakinsu ba ta tarar da komai a ƙarƙashin tabarmar ba, da hawaye ta zo ta gaya mini.

Ɗan uwa, 'yar uwa, na san a cikinku akwai wanda Allah bai ba haihuwa ba, kuna ta maganar riƙo kai da iyalinka shekara da shekaru amma kunyar bakin mutane ta hana ku. Akwai wanda ɗan yayarsa ko 'yar ƙaninsa take can hannun tsohuwa, yana cewa sai kaka ta yi. Fara da na kusa, shi ya fi haƙƙi a kanka. In babu a dangi da maƙwabta, akwai gidan marayu na gwamnati a Nasarawa cikin Kano, a ƙarƙashin ma'aikatar mata, a bi ta hanyar hukuma da takarda. Kada ka karɓi yaro a ɓoye daga hannun wanda ba ka san inda ya samo shi ba. Ka yi istihara, ka shawarci matarka ko mijinki da gaske, ka kira shaidu, ka bar wa yaro sunan ubansa, kada ka mayar da shi ɗan aike alhali naka suna makaranta. Sannan ka sa rana. Shawarar da ba ta da rana, ni shaida ne, tana iya cin wata takwas daga ƙuruciyar yaro, kuma wata takwas ɗin nan ba sa dawowa.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan da iyayensa. Allah ya jiƙan Tata, ya haɗa ta da Manzonsa kusancin yatsu biyu. Allah ya yafe mini jinkirin da na yi, ya raya marayunmu bisa Musulunci, ya sa in mun mutu mun bar ƙanana a samu mai jan su a jiki. Wallahu a'alam.